Mataccen Tauraro da Wuyan Baba

Ummi, ke nake rubuta wa wannan babin, ko da yake yanzu ko tafiya ba ki gama iyawa ba. Kafin ki yi wayo sosai za ki ji ana cewa uwarki ce ta kashe kakanki da bakinta. Za ki ji a gidan biki, ko a bakin 'ya'yan yayana Sabi'u ranar da kuka yi faɗa. Ina so kafin nan ki tarar da nawa bayanin a ajiye, tun ina tuna komai yadda ya faru. Na daɗe ina kewaye wannan wurin, ina ba ki labarin makaranta da na aurena.

Kakanki ɗan tauri ne, wato cikin mutanen da aka sani sun sha maganin ƙarfe, wuƙa ba ta cin su. Sana'arsa dillancin shanu a Kara, amma ba da ita aka san shi ba. Daga Wudil har ƙauyukan Lajawa da Indabo, in ka ce Malam Haruna sai a tambaye ka wanne, in ka ce Gagara-Wuƙa kuwa yaro ma zai raka ka ƙofar gidanmu. Sunan ya samo asali ne tun yana matashi. An fita farauta a dajin wajen Lajawa, bindigar wani ta tashi a kusa da shi, kowa ya ga ya faɗi, sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya taka har gida da ƙafarsa. Amininsa Baba Ɗanjuma, wanda yake yi masa kiɗa, da wannan ranar yake buɗe kirarinsa duk inda suka je. Na tashi ina ganin samari cike da zaurenmu, suna jiran a ba su abin sha a ƙoƙo.

Ina 'yar firamare Yaya Sabi'u ya fasa wata tsohuwar rediyo, ya ba ni baƙin zoben nan na cikin lasifika, mayen ƙarfe. Na ɗaura masa zare ina jan sa a yashin bakin kogi, yana fitowa da baƙin gashi a jikinsa. Komai na gani sai na gwada: murfin kwano, sakatar ƙofa, ɗan kunnen Inna. Wata rana bayan azahar Baba yana barci rub da ciki a rumfa, daga shi sai singileti. A gindin wuyansa ta hagu, inda riga ke rufewa, akwai wani ɗan kumburi kamar ƙwayar gurjiya. Na ɗora mayen ƙarfen a kai don wasa. Ya kama. Da na ja zaren sai na ga fatar tana biyo shi. Ban san Inna tana bayana ba sai da na ji an fizge ni an shigar da ni ɗaki.

"Me kika gani?"

"Ya kama wuyan Baba."

"Ba ki ga komai ba."

Ta zaunar da ni a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce bindigar nan ta Lajawa da guntayen ƙusa aka ɗura ta, ɗaya ya shige shi. Rigar farautarsa baƙa ce, ga layu a kai, babu wanda ya ga jini. Tana amarya a lokacin, ita ta yi jinyarsa da ruwan zafi da man shanu a bayan ƙofa, ana ce wa mutane zazzaɓi ne.

"Ko yayanki bai sani ba," in ji ta. "Ranar da kika faɗa, ranar kika tuɓe wa ubanki riga a tsakiyar kasuwa. Kin ji ni, Hafsatu?"

Na ce na ji. Ta jefa mayen ƙarfen a masai. Ina aji huɗu na sakandare ta rasu, ba mu sake tayar da maganar ba.

Da na gama makaranta na samu aiki a wani shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a. A nan na san Malama Rifkatu, wata Kirista 'yar wajen Gombe, mai koyar da kimiyya, bincikenta kuma a kan taurari. Da hannu take rubutu, ta kawo in buga mata a kwamfuta. Ran farko na ci karo da wata lamba mai sifilai jere kamar ƙwai a faranti, na ɗauka kuskure ne, na rage mata su. Da ta zo karɓa ta duba, ta dube ni ta saman tabarau.

"Hafsatu, ina kika kai min sifilaina?"

"Malama, na ɗauka hannunki ne ya zarce."

"Mayar min da kayana, ko ɗaya kar ki ci. Wannan ƙarfin maganaɗisun tauraro ne, ba kuɗin cefane ba."

An ɗauke wuta, mai shago ya tafi neman fetur, sai ta ja kujera ta zauna tana fifita da takardunta, tana yi min bayani da Hausarta ta Gombe. Ta ce babban tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau da yawa, yana rayuwa ne da ƙona abin da ke cikinsa, yana mayar da wannan ya zama wancan, har cikin nasa ya zama ƙarfe. Daga nan babu sauran abin da zai ba shi zafi, sai ya rufta a kan kansa. Bayansa ya tarwatse, tsakiyar ta dunƙule ta zama ƙwallo, faɗinta bai wuce rabin tafiyar Wudil zuwa Kano ba, amma cokali ɗaya na jikinta ya fi Dutsen Dala nauyi nesa ba kusa ba. Shi suke kira tauraron nutron. Ta ce dama kowane tauraro yana da maganaɗisu a baje, kamar taru da masunta suka shimfiɗa a kogi. In ya rufta sai tarun ya tattaru gaba ɗaya a wuri ɗan ƙarami, ko zare ɗaya bai ɓace ba. Waɗanda nasu ya fi na kowa tsanani su ne magneta. Ƙarfin jan nasu har ɓawon jikinsu yake tsagawa, su saki wani haske da na'urori ke ji daga nan duniya. Da ɗaya zai zo rabin tsakaninmu da wata, da duk katunan cire kuɗi sun goge. Da zai matso kusa kuwa, ba sai ya taɓa mutum ba, ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su zai miƙar kamar allura, jikin ya daina zama jiki.

"To ana ganinsa in yana zuwa?" na tambaye ta.

"Da ido? A'a. Amma babu mai zuwa, suna da nisan da ba ki da sifilan rubuta shi. Sha zoɓonki."

Na ji tsoro ranar, amma irin tsoron nan mai daɗi da ake ji a tatsuniya. Abin da ya zauna min a rai shi ne a ce abu ya mutu, ba a ganinsa, ba ya ƙara, kuma yana ja. Da yamma na ba da labarin a gida ana cin tuwo. Baba ya yi dariya har da buga cinya.

"Ki ce wa malamar taku ta turo shi Wudil," in ji shi, "ya zo ya ga wanda ba ya jawuwa."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma idona ya kai gindin wuyansa, na yi sauri na mayar kan kwano.

Shekarar da nake ɗauke da cikinki, da damina, Baba ya fara yar da abu. Kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, magana ta riƙa yi masa nauyi, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Ranar wata Juma'a ya faɗi a Kara tsakanin shanu. Likita a Kano ya ce sai an ɗauki hoton cikin kansa da wani inji da ake kira MRI, Yaya Sabi'u ya karɓo rana. Ina shago nake faɗa wa Malama, don dai ta yi mana addu'a. Ta jajanta, sannan ta ce ai wannan injin ɗan ƙanin tauraronmu ne, maganaɗisu ne ƙato ake tura mutum a cikinsa. Tauraron ya ninka shi sau biliyoyi, amma duk da haka yana iya fizge almakashi daga hannun mutum ya wulla shi ƙarshen ɗaki. Yatsuna suka tsaya a kan madannai.

"Malama, in mutum yana da ƙarfe a cikin nama fa? Tsoho, wanda ya daɗe."

"Wane irin ƙarfe?"

"Kamar ƙusa."

"Yana iya juya shi, ko ya ja shi ya yanka abin da ke kusa. In kusa da jijiyar jini ne, kafin a fito da mutum an gama." Ta cire tabarau. "Waye?"

"Ba kowa."

"To ki gaya wa ba kowan nan kada ya taka ɗakin. Ko an ɗauke wuta maganaɗisun yana nan, ba a kashe shi."

Ana gobe za a tafi na dama fura na kai masa bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya jiki, ya ƙarfin hannun, ya tambayi mahaifinki da mutanen gidanmu, ya sa min albarka. Na jira har ya sha rabi.

"Baba, injin nan na gobe, an ce jan ƙarfe yake yi."

"To sai a cire min zobe."

"Har wanda yake cikin jiki."

Ya ajiye ludayin a hankali. Bai dube ni ba, kaji yake kallo suna tsattsaga a tsakar gida.

"Wa ya aiko ki?"

"Babu kowa. Inna ce tun ina ƙarama ta..."

"Uwarki tana kabari, bar ta ta huta. Tashi ki tafi, mijinki yana jira."

Na tafi ina gaya wa kaina ya ji, zai samu dalilin fasawa, ya ce ya yi mafarki ko jikin ya yi sauƙi. Da safe na zo na tarar da shi ya sha farar shadda da hula, Baba Ɗanjuma a gefensa, da samari biyu cikin yaransa da za su riƙe shi. Na ce zan bi su. Yaya Sabi'u ya ce da wannan cikin ina zan je, ko ni ce likitan. Na shige bayan motar. Muka haye gada, kogi ya cika ya yi ja, ina ta shirya yadda zan ja ma'aikacin gefe in raɗa masa, shi kuma ya san dabarar da zai yi.

Wannan ne wurin da ake yi min gori da shi har yau, don haka ki karanta da kyau. Doguwar baranda ce, aka ce mata su zauna a benci na farko, maza suka wuce ciki da shi. Ma'aikacin wani saurayi ne mai fara'a. Ya kawo faranti aka zuba zobe, da agogo, da makullai, da guru da layun da Baba ya kwance yana ɓata rai. Aka mayar da shi wata kujera mai taya wadda ba ta ƙarfe ba. Ina jiran saurayin ya rabu da su ko da taku biyu ne, bai rabu ba, Yaya yana manne da shi yana tambayarsa yaushe sakamako zai fito. Sai na ji ya ce:

"Baba, akwai wani ƙarfe a jikinka? Ko an taɓa yi maka ɗori da ƙarfe, ko harsashi, ko wani abu ya taɓa shiga?"

Samarin suka fashe da dariya. Baba Ɗanjuma ya dafa kafaɗar ma'aikacin.

"Yaro, ɗan wane gari ne kai? Wannan da kake gani, wuƙa in ta gan shi sallama take yi ta koma kube."

"Haka ne, Baba, amma dole in ji daga bakinsa."

Baba ya ɗago kai. Duk tsawon barandar nan ya tsallake mutane, ni ya duba.

"Babu," in ji shi.

Saurayin ya juya kujerar ya nufi ƙofar. Tana da kauri, an manna mata hoton mayen ƙarfe. Da ya tura ta na jiyo injin daga ciki, wani sauti a jere a jere kamar numfashin abin da ke barci. Tsakanina da su akwai maza huɗu da tsawon baranda, ga ciki ya yi min nauyi. Ban san na miƙe ba. Muryata kawai na ji, ta fi yadda na so ƙarfi.

"Akwai ƙarfe a wuyansa."

Kowa ya juyo, har waɗanda ba namu ba.

"Ke, kin haukace ne?" in ji Yaya Sabi'u.

"Ta hagu, a gindin wuya. Guntun ƙusa ne. Ku taɓa ku ji."

Ma'aikacin ya ja kujerar baya, ya rufe ƙofar. Ya nemi izini ya sa yatsa a wurin. Baba bai hana shi ba. Aka tura mu hoton ƙashi na yau da kullum. Likitan da ya duba bai san ko waye Gagara-Wuƙa ba, bai san abin da yake riƙe da shi ba. Ya ɗaga hoton a haske a gaban kowa, ga abin nan fari fat, ɗan lanƙwasasshe, ya nuna da biro inda babbar jijiya ta wuce a gefensa.

"Baba, ka gode wa Allah, ka gode wa 'yarka," in ji shi.

Baba Ɗanjuma ya matsa ya daɗe yana kallon hoton. Mutumin da ya tsufa yana yi wa ranar Lajawa kiɗa da kirari.

"Haruna," ya ce, ban taɓa jin ya kira shi da sunan yanka ba. "Tun na Lajawa?"

Baba ya ce a miƙo masa hularsa.

Da wani injin daban, marar maganaɗisu, aka yi hoton kan. Aka ga tsiro a wurin da ba a iya yi masa aiki, aka ba mu magunguna. Muka dawo Wudil.

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama gari. Zauren da ba a samun wurin ajiye takalmi ya koma sai akuya. Wani mutum daga Kausani, wanda ɗansa ya taɓa yanke hannu bayan ya sha maganin Baba aka ce yaron ne ya karya sharaɗi, ya zo ƙofar gida ya faɗi abin da ya ga dama da rana tsaka. A Kara in an ga Yaya sai wani ya ce a ɓoye ƙusoshi. Wata safiya aka tarar an jefo zoben lasifika cikin zaure. Baba Ɗanjuma bai sake zuwa ba, an ce ya rataye gangarsa. Baba ya daina fita ko masallacin ƙofar gida. Ni kuwa in na zo na durƙusa na gaishe shi, sai ya juya fuska bango. Na yi ta zuwa, yana ta juyawa. Ranar da na kai ƙara wurin Yaya Sabi'u ina kuka, na ce da na yi shiru da gawarsa muka dawo da ita, sai ya ce:

"Da ya mutu a ciki, da Gagara-Wuƙa muka binne. Yanzu wa za mu binne?"

Wannan maganar ce ta hana ni sakewa har yau. Don na san Baba ya fahimci abin da na gaya masa ranar furar nan. Ya sani sarai, ya sa farar shaddarsa, ya kira amininsa ya raka shi. Ya riga ya zaɓa, ni na ƙwace. Na gaya wa Malama Rifkatu haka, ta riƙe hannuna ta ce rai na ceta. Na gaya wa mahaifinki, ya ce ko a wurin Allah ba ni da laifi. Na yarda da su da rana. Amma ko firinta ta fara ƙara a shago sai in ji numfashin injin nan na asibiti, dole na bar aikin.

Bayan kaka aka haife ki, aka sa miki sunan Inna, shi ya sa muke ce miki Ummi. Da na yi arba'in na kai ki. Ya rame, hannun dama ya mutu gaba ɗaya. Na gaishe shi bai amsa ba, sai na ajiye ki a kan tabarmarsa na koma bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonki, sannan ya tallabo ki da hannun hagu ya ɗora a kafaɗa. Daga ranar kullum sai na kawo ki, kuma da ke yake magana. In yana son ruwa sai ya ce, matata, ce wa mutanen gidan nan ƙishi nake ji. Haka muka yi ta yi har zafi ya shigo. Wata rana da hantsi kina kwance a kafaɗarsa kina wasa da wuyan rigarsa, sai na ji ya ce, harshensa yana ja:

"Matata, tambayi uwarki. Tauraron nan nata da ya mutu, har abada yake ja?"

Na rasa inda zan sa idona. Ni ma sai na amsa ta wurinki.

"Ummi, ce wa Baba, Malama ta ce yana sanyi a hankali. Sai ya yi shekaru dubbai, sannan ya saki."

"Dubbai," in ji shi. Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. "Ce mata ni ba ni da su."

Ban san me yake nufi ba, Ummi. Ko cewa yake ba zai kai ga sakin fushinsa ba, ko cewa yake ba shi da lokacin riƙe shi. Na juya maganar ta kowace fuska, wani lokaci ta yi min sanyi, wani lokaci ta hana ni cin abinci. Bai ƙara ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Kin sa ɗan yatsanki a kan kumburin kina dannawa, bai janye ki ba. A nan kika yi barci.

Kafin ruwan farko ya sauka ya rasu. Mutanen da suka zo jana'iza ba su cika layi uku ba. Ƙarfen yana nan a wuyansa aka binne shi. Yaya Sabi'u yana amsa gaisuwata yanzu, amma ba ya kallona.

Ba zan ce miki na yi daidai ba, don ban sani ba, kuma da za a mayar da ni barandar nan ina jin bakina zai sake buɗewa ko ban so ba. Abin da na sani shi ne daga ranar asibiti zuwa ranar da ya cika akwai damina guda da kaka da rani, kuma a cikinsu kika zo. In sun ce miki uwarki ce ta kashe shi, kada ki yi musu da su. Ki ce musu ke kin yi barci a wuyansa.